Ƙaryar Iliya a bakin rumbu

Zuwa ga ƙanwata Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zaman Abijan? Ya maigidan da yara? Mu nan Tawa lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi jin magani.

Maganar ƙanenmu Iliya ce. Ana tsakiyar girbi, raƙuman wani makiyayi suka shiga gonar gero a Kalfu, garin da Iliya yake. Manoma suka biyo shi da sanduna, ya faɗa gidan Iliya, shi kuwa ya cusa shi cikin rumbu. Da suka tambaya, ya ce musu mutumin ya yi arewa.

Yanzu fasto ya ce ƙarya zunubi ce ko ran wa ta ceta, ba zai ba shi jibin Ubangiji ba sai ya tuba. Wasu dattawan coci sun ce Allah yana duba dalili. Ni duk furfurata na kasa raba gardamar, sai na tambayi mai laifin.

Ya ce, "Yaya, zunubi ne, zan tuba ran Lahadi. Amma in sun dawo, rumbun yana nan."

Fasto bai ji wannan ba tukuna. Ki sa Iliya a addu'a, ki sa faston ma. A gaida mutanen gida duka.

Yayanki,
Dauda