Ƙafar Masuncin Tunuga

Gaya, daren Laraba

Yau aka kawo mini wani masunci nan asibiti daga Tunuga, kwalekwale ya danne masa ƙafa. Na yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, hoton ya nuna ƙashin ƙwauri ya farfashe a ƙarƙashin karan ɗori. Yatsun har sun fara baƙi. Na ce da mahaifinsa, "Baba, ku bar shi nan, ƙafar za ta ruɓe." Ya ce, "Ɗana, hoto ba ya ɗori." Suka mayar da shi wurin maɗori.

Na ji haushi, amma ban ga laifin tsohon ba. Ni ma maɗori ne ya gyara hannuna a Damagaram.

Ni ke kwana a bakin aiki. Duk moton da ya tsaya a ƙofa, da na ji ƙarar babur ɗin sai na leƙa ko masuncin ne aka dawo da shi. Har yanzu ba su ba ne.