Ƙarar Maɓallin Hagu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, sai babban yatsana da ya kumbura. Ba komai, aikin ne, wuni nake ina danna maɓallan na'urar wasan yara a masana'anta ina ware masu kyau.

Wadda na aiko wa 'yata ta iso, na gani. Ran da na kira ta bidiyo kika ce ta gaishe ni, ko kai ba ta ɗago ba. Ƙarar maɓalli kawai nake ji, har na gane na hagun ya fara saki. Gaisuwata ke nan.

Kada ki ƙwace, ni na aiko. Idan caji ya ƙare, ki tuna mata tana da uwa.

Ƙanwarki