Riɗin Baba da Takardar Banki

Anti Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Kawu, ya yara? Muna lafiya.

Baturen da Baba da Alhaji Sule na Kafur suka tura wa riɗi ya karɓi kaya, ya daina ɗaga waya. Baba ya tsira, don tun farko ya nemi takardar lamuni: in mai saye bai biya ba, bankinsa ya biya. Bankin ya biya kuwa. Alhaji Sule kunya ta hana shi nema, wai mutumin ya ci tuwo a gidansa. Shi ko kwabo bai samu ba.

Yanzu an ɗage bikin 'yarsa Zainab, ƙawata. Na ɗauka a littattafan soyayya kaɗai hakan ke faruwa. Na je wurinta, hannunta kawai na riƙe.

Ki saka su a addu'a. Gaida kowa.

Ɗiyarki,
Hafsat