Kifin Farko na Baba Ne

Lahadi, 19 ga Oktoba, 2008

Kasuwa ta kwanta. Tun lokacin wasannin Olympics da aka tsananta biza a nan China baƙi suka ɗauke ƙafa, har yau ba su dawo yadda suke ba. Mu da aikinmu raka ɗan kasuwa shago da ɗora masa kaya a tashar jirgin ruwa ta Huangpu, sai zaman shan shayi.

Jiya a kasuwar Baima, Lao Liang mai wandunan jins ya ce in raka shi kamun kifi cikin duwatsu, sama da garin Conghua. Na ce masa ban iya ba. Na faɗa ido cikin ido, ko ƙiftawa ban yi ba. Ni Abdulmumini, da aka haifa a gidan masunta a Yauri, wai ban iya kamun kifi ba. Amma a unguwarmu Sanyuanli ɗan Kano aka san ni, kuma na bar shi a haka. Maidaji kaɗai, abokin ɗakina, ya san gaskiya, don shi ɗan Kontagora ne, ya san gidanmu.

Talata, 21 ga Oktoba

Ƙanwata Sabuwa ta kira. Baba ya mayar da bargon da na aika, ta ajiye shi tare da rediyon bara da takalmin bariya. Ta ce idonsa ya ƙara rauni, ba ya shiga ruwa yanzu, yana dai zama bakin kogi yana gyaran taru da laluben hannu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da ya yi mini magana. Ranar da na sayar da jirgin da ya sa aka sassaƙa mini, na yi jari na tafi Kano, abin da ya ce kawai: "Duk abin da ka samo bisa tudu, ka riƙe abinka." Mutumin nan ba ya tashin magana. In na kira aka miƙa masa waya sai ya ce hannunsa da jiƙa.

Ina tsoron ya mutu a haka. Na rubuta dai, tunda ba mai karantawa.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na bi Lao Liang. Zaman ɗaki ne ya ishe ni, ba wani abu ba.

Tafiyar awa uku a ƙaramar motarsa. Wurin wani rafi ne da ke fitowa daga cikin dutse, ruwan garau, sanyinsa har cikin ƙashi. Wani manomi ne ya tare shi da duwatsu ya yi gurbi huɗu, yana zuba kifin da suke kira hungzun, wanda ba ya rayuwa sai a ruwan sanyi. Jikinsa ɗigo-ɗigo kamar zabo, da jan layi a gefe. Gurbi na sama ya fi zurfi, akwai gora ta yi masa inuwa, can manyan suke kwanciya. Na gane haka tun kafin a faɗa mini, amma ban nuna ba.

Abin dariyar shi ne koto. Ba tana, ba gara, ba ƙullin dusa. Gashin kaza ake ɗaurewa jikin ƙugiya da zare, a yi kamar ƙwaro, a yi ta wulla igiya sama kamar mai korar tsuntsu a gonar shinkafa. Da jifa ɗaya na tarun birgi zan kwashe gurbin nan kafin ruwan shayi ya tafasa. Lao Liang ya ce taru haramun ne a nan, "meyo, meyo," wato babu.

Ban kama komai ba. Sau biyu na kama gora, sau ɗaya na kama hulata.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na tsinci kaina ina wulla hannu a cikin jirgin ƙasa. Wata tsohuwa ta matsa.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Na kama. Kuma na rasa. Kuma na yi abin kunya.

Bayan na yi azahar a kan wani falalen dutse na koma gurbin sama. Na lura ba tsakiyar ruwa suke ci ba, bakin inda ruwan gudu ya haɗu da kwantacce suke tsayawa, daidai yadda ƙarfasa take yi a bayan tsibiri. Na ajiye gashin kazar nan a wurin. Ya ɗauka. Abin da na ji a hannuna ban ji shi ba tun ina saurayi.

Na jawo shi har gaɓa, ya kai tsawon kamu biyu. Lao Liang ya shigo ruwa da murna yana "hawo, hawo," wato madalla, ya tallafe shi, ya zare ƙugiyar, ya ɗaga mini in gani. Sai ya sunkuya ya sake shi. Ina kallo kifin ya kaɗa wutsiya ya shige ƙarƙashin gora.

Na zazzaga masa masifa da Hausa tsantsa, har da "wa ya aike ka." Dattijo mai furfura, a tsaye cikin ruwa, yana kallona bai san laifinsa ba. Su haka suke yi ashe, a kama a saki, wai daɗin a kamun yake.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Maidaji ya ce, "To Sarkin Ruwan Baima, kifi ɗaya ne ya hana ka cin tuwo? Mu je kasuwa in saya maka kwando."

Ba zai gane ba. Ni ma sai da na zauna na gane abin da ya tunzura ni. A gidanmu, duk ɗan da ya shiga ruwan da bai taɓa shiga ba, kifin farko ba nasa ba ne. Ba ya ci, ba ya sayarwa, ba ya kyauta da shi. Bandar kifin zai yi da hannunsa ya kai wa mahaifinsa, ko tafiyar kwana nawa ce. Haka Baba ya kai wa kakanmu daga Tafkin Chadi. Na ɗauka na manta da wannan. Ashe tun kifin yana cikin ruwa zuciyata ta riga ta naɗe shi a takarda ta aika Yauri.

Kuma Baba cewa ya yi abin da na samo bisa tudu. Bai ce na ruwa ba.

Yanzu na farkon ya tafi. Na biyu kuwa na biyu ne.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Na kira Sabuwa na ce ta tambayi Baba: in mutum ya kama kifin farko a baƙon ruwa, wani ya sake shi kafin a fitar, na gaba yana zama na farko? Na ce ta ce wani ne ke tambaya.

Ta ce, "Yaya, wani wa? Wa muka sani da ke da baƙon ruwa?"

Na ce ta dai tambaya.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Amsa ta zo. Ta ce ya ci gaba da ɗinkin tarunsa, har ta miƙe za ta tafi. Sai ya ce, "Kifin da bai taɓa ƙasa ba, ba a kama shi ba. Gaya ma wanin."

Na sa ta maimaita sau uku. Ta ce katinta zai ƙare.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Na je Baima jiya da ledar dabino na ba Lao Liang haƙuri. Da guntun Turancinsa da guntun Sinancina na yi masa bayanin Baba da jirgi da kifin farko. Ban san nawa ya shiga ba. Ya dai cire tabarau ya goge, ya ce gobe ƙarfe shida.

A hanya ya ba ni labarin ƙanensa da ke Kanada, mai aiko masa hoton wani kifi salmon, wai yana tafiya teku shekaru sannan ya hauro kogin da aka haife shi. Yana faɗa yana satar kallona. Na ce na ji, loban, wato maigida, kalli hanya.

Mai wurin ya yarda in fita da ɗaya. Yau ko motsi ba su yi ba.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Babu. Ruwan sama ya ɗaga rafin ya yi ja. Na gwada gurbi na biyu da na uku, ƙanana ne kawai ke bin gashin su juya. Lao Liang ya kama huɗu ya saki huɗu, kowane sai ya dube ni kamar mai neman gafara. Ya ce in karɓi ɗaya cikin nasa, wa zai sani? Na ce Baba zai tambaya, ni kuma ƙaryata ba ta aiki a wurinsa.

Maidaji zai tafi gida ran sha bakwai. In ban kama kafin nan ba, sai kuma bayan sabuwar shekarar 'yan China, lokacin ruwa ya fara ɗumi.

Litinin, 8 ga Disamba

Sallah. Mun ci nama a wurin mutanen Maraɗi. Na kira gida, hannunsa da jiƙa.

Lahadi, 14 ga Disamba

Alhamdu lillahi.

Gurbin sama, wajen hantsi, a daidai bakin ruwan nan. Da na jawo shi Lao Liang ya ja da baya ya harɗe hannuwansa a baya, kada ma a ce ya taɓa. Ni na fitar da shi, na ɗora shi bisa ƙasa, na bar shi ya taɓa ta sosai. Bai kai wancan girma ba. Ba komai.

Banda a Sanyuanli ba za ta yiwu ba, hayaƙi kaɗan mai gida za ta kira 'yan sanda. A bayan gidan manomin na yi, da rabin duro da waya da itacen wata bishiyarsu, laici, da ya ba ni. Na fasa cikin, na wanke, na sa gishiri. Sai na tanƙwara shi in haɗa kai da wutsiya in soke da tsinke, yadda muke yi wa tarwaɗa. Nan na yi kuskure. Naman hungzun laushi gare shi, bayan ya tsage. Ga kitse, yana ɗiga wuta na tashi. Ga rana tana sunkuyawa, Lao Liang ba ya son tuƙin duhu, sai na ƙara itace. Gefe ɗaya ya yi baƙi.

Ya fito dai a bushe, amma mummuna. Da a gida ne ko yara ba za a ba su kai kasuwa ba. Na zauna ina kallonsa ina tunanin in jefar in sake kama wani. Amma wannan ya taɓa ƙasa.

Laraba, 17 ga Disamba

Maidaji ya tafi da shi, cikin takarda, cikin gwangwanin biskit, cikin tsakiyar shaddodinsa. Yana ta mita wai kayansa za su yi ƙarni, amaryarsa za ta ce ya auri 'yar Sarkawa a China. A bakin tasi ya daina wasa ya ce, "Hannu da hannu zan ba shi, in sha Allahu. Ko bai karɓa ba zan ajiye a gabansa."

Ɗakin har yanzu warin hayaƙi yake. Ban buɗe taga ba.

Talata, 23 ga Disamba

Shiru. Maidaji ya sauka, ya ce sai ya huta zai shiga Yauri. Ina ta duba waya kamar mai jiran haihuwa. In ya koma ɗakin Sabuwa kusa da rediyo, to ban san kuma abin da ya rage ba.

Juma'a, 26 ga Disamba

Bayan la'asar ina Baima, wajen Lao Liang, waya ta yi ƙara. Lambar Sabuwa. Na ce, "Ya aka yi, ya karɓa?" Sai na ji numfashi, ba nata ba.

"Wa ya yi bandar ga?"

Muryar ta tsufa. Na ce ni ne, Baba.

"Ka ɓata kifi. Mai kitse ba a yi mashi gaggawa, kuma ba a tanƙwara shi. Wuta ƙasa-ƙasa, kwana biyu. Haka na koya maka?"

Na ce a'a, Baba. Na tsuguna a tsakiyar shagon mutane, tsakanin dilolin jins, don ban iya amsa masa a tsaye ba.

Sai ya ce, "Mi ya ci?"

Na ce gashin kaza.

"Gashin mi?"

Na yi masa bayanin zaren da ƙugiyar da wulla igiya. Ya yi dariya har da tari. Ya ce kifin China wawa ne. Ya tambayi zurfin ruwan, da inda kifin ke kwanciya, da ko yana da ƙaya da yawa. Na ce ai shi zai gaya mini. Ya ce ba shi da ƙaya sosai, gefen da bai ƙone ba da daɗi.

Daga baya Sabuwa ta ce har gefen da ya ƙone ya cinye, bai ba kowa ba, ya kuma hana a yar da kan.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Lao Liang ya shiga lissafin wandunan da ya riga ya lissafa, ya ba ni baya har na gama.

Litinin, 5 ga Janairu, 2009

Baƙi sun fara shigowa kaɗan-kaɗan. Yau na raka wani Alhaji daga Zinder, ya ce ɗan ina ne ni. Na ce Yauri. Ya ce, "Masu kifi?" Na ce su.

Da muka rabu na biya shagon kayan fatsa, wai in sayi zare. Na fito da ƙugiyoyi manya kwali uku, irin na giwan ruwa. Babu giwan ruwa a ƙasar nan, na sani. Suna da kyau ne kawai, kuma ƙarfen nagari ne.

Na tambayi mai tikiti ranakun jirgin gida na Fabrairu. Tambaya ce kawai.

Bai ce in zo ba. Cewa ya yi banda ba a koyon ta a waya.