Ruwan da ke Fitowa Bayan Katangarku

Zuwa ga Mai Girma Manajan masana'antar sarrafa kara da totuwa da ke gefen garinmu, Mawashi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata. Ni ne malamin Islamiyyar da gonarsa ke gangaren katangarku ta yamma. Na zo ofishinka ban same ka ba, na bar saƙo wajen mai gadi, shiru. Shi ya sa na rubuto a fili.

Ranar da kuka zo ƙofar mai gari, injiniyanku ya yi mana bayani har muka gamsu. Ya ce karan dawa da totuwar masara da muke ƙonawa dukiya ce. Za ku dafa su a tukunyar ƙarfe da wani gishiri da ake samu daga ƙarfe, gishirin ya hanzarta narkewarsu, a tace sinadarin da ake yin fenti da roba da shi. Ya ce gishirin ba ya ƙarewa, sake amfani da shi ake yi. Mun yi murna, kuma har gobe ba mu ƙi aikin ba. Ga abin da ya dame ni.

Na ɗaya. Idan gishirin komawa tukunya yake, mene ne ke cikin ruwan da kuke zubarwa a ramin bayan katanga? Launinsa kamar tsatsa, bakin ramin ya yi ɓawo, ko ciyawa ba ta fito a wurin ba. Ramin kuwa ƙasa ce zalla, babu siminti.

Na biyu. A daminar da ta wuce ramin ya cika ya tumbatsa, ruwan ya bi kwari ya ratsa gonata. Duk inda ya bi, ganyen wake ya ƙone daga gefe, dawar ta tsaya iya gwiwa. Kunya biyu daga nan, shuka lafiya lau. Ina noman wannan gona tun ina bin mahaifina, ban taɓa ganin haka ba.

Na uku, wanda ya fi tsaya mani a rai. Kwarin nan a tafkin da dabbobinmu ke sha yake ƙarewa. Tunkiyar maƙwabciyata, Inna Dije, wata dattijuwa da ba ta da abin dogaro sai kiwonta, ta yi ɓari bayan ruwan ramin ya gangara tafkin. Ta same ni a makaranta ta ce, “Malam, kai ka ji bayaninsu da kyau, ka gaya mani ko ruwan nan ne.” Ba na cewa ku ne sanadi, don Allah ya hana mu zato. Ban sani ba, kuma rashin sanin ne ke cina. Rijiyar da ɗalibaina ke sha ba ta da nisa da tafkin.

Don haka ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka sa a ɗebi ruwan ramin da na tafki da na rijiya a gaban dattawan gari, a kai gwaji, a karanta mana sakamakon da Hausa. A faɗa mana sunan gishirin, da abin da yake yi wa mutum da dabba. A ɗaure ramin da siminti, ko a daina zuba, kafin ruwa ya sake sauka. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas.

A yanzu na rufe rijiyar da kwanon rufi na ɗora dutse. Yara na zuwa da ruwansu daga gida, iyaye na tambayata dalili, ni kuma ina cewa su yi haƙuri. Mai yiwuwa ruwan lafiyarsa ƙalau, na hana su a banza. Mai yiwuwa kuma na makara. Kai kaɗai ke da abin da zai raba mana wannan.

Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a aikinku, ya tsare iyalinka da namu daga abin da ido ba ya gani.

Wassalam.

Malam Hamisu, Mawashi.