Mugun Fim Ya Zo Wajen Aikinmu

Inna,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba? Ya su Auta? Ni lafiya lau.

Kin tuna ɗan wasan da kike tsine wa in ya fito a mugu? Ya bar wasa, yanzu rayuwar ma'aikata yake ɗauka. Ya zo inda muke wankin kayan asibiti. Inna, mutum ne! A ƙasa ya zauna yana saurarenmu. Da na ɓoye hannuwana da suka tsattsage ina murmushi, sai ya ce, "Ƙanwata, da murmushin ƙarya na ci abinci, na san shi. Ajiye shi."

Na ajiye, na nuna masa hannuwan.

In kika ga hannuwan a fim, kar hankalinki ya tashi, sabulu ne kawai. Ki janye tsinuwar, ki sa masa albarka.

'Yarki