Burodin da Ya Ƙi Gasuwa

Ƙanwata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya gwiwar nan taki, ta bar ki kina hawa bene? Yaya maigidan da jikoki? Mu nan sai godiyar Allah.

Injin burodin da 'yata Auta ta aiko mini don in huta da kwaɓi ya sa ni a gaba. Da farko, da nake zama kusa da shi ina gadinsa kamar mai jinya, burodi ya riƙa fitowa sumul. Da na saki jiki na fara kunna shi in tafi hira wajen maƙwabciya, sai ya birkice. Bayansa ya yi ja, in an yanka kuwa cikinsa danƙo, yana bin wuƙa. Na rage ruwa, na sake fulawa, na sayo sabon yis. Maƙwabciya ta ce in daina ɗaga murfi zafi na fita, ni da ba na ma gidan. Maigidana Malam dai ya ce kayan zamani ba su da tabbas.

In kin san wata dabara, ki rubuto.

Taki,
Yaya

Ƙanwata,

Ina fata kuna lafiya, tarin jikan nan naki kuma ya lafa. Saƙonki ya iso, na gode.

Auta ta zo. Ta auna komai da hannunta, ta zauna har ya gama, burodi ya fito lafiyayye. Sai ta juyo ta yi mini wani irin kallo, ta tambaye ni yau wace rana ce, me na ci jiya. Na ji tana gaya wa ubanta a falo wai mantuwa ta fara kama ni, za ta kawo mace ta karɓi kicin, ni kuma a kai ni a duba mini kai. Malam ya gyaɗa kai, har ya ƙara mata da cewa rannan na ɓatar da tabarau.

Ba zan ɓoye miki ba, na tsorata. Yanzu in na zuba gishiri sai in tsaya ina tambayar kaina ko na zuba. Kicin ɗin da na aurar da 'ya'yana daga cikinsa, wai a raba ni da shi.

Ki sa ni a addu'a.

Yayarki

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki zauna sosai kafin ki karanta.

Jiya na tarar maƙwabciya ba ta nan, na dawo da wuri. Sai ga Malam a kicin, ya zare wayar injina daga bango ya soka ta butar shayi, yana zuba sukari cokali bayan cokali, sukarin da likita ya hana shi. Wurin soka waya ɗaya ne a kicin ɗin. Ashe kullum na fita sai ya cire, ya dafa, ya sha abinsa a natse, sannan ya mayar. Fitilar injin ta sake kamawa, ni kuma in dawo in ɗauka burodi ya gama.

Shayin bai dame ni ba, cikinsa ne. Abin da ya tsaya mini a rai, yana zaune 'yarsa take tambayata wace rana ce, ya san komai, ya ƙi faɗin gaskiya. A wurinsa gara a ce matarsa ta ruɗe da a san yana shan sukari.

Na sa shi ya kira Auta ya faɗa da bakinsa. Ta yi dariya har da tari, shi ma ya taya ta. An fasa kawo mace, an fasa likita. Na jira ko ɗayansu zai ba ni haƙuri, suka koma zancen tayar motarta.

Ki share mini ɗakin nan na baya, ina tafe ranar Juma'a. Ya tambayi yaushe zan dawo, na ce masa ni mai mantuwa ce, kada ya dogara da ni.

Ki gaida kowa.

Yayarki